Yadda Ake Farfaɗo da Garmahon Gado Ba Tare da An Lalata Shi Ba

Idan garmaho ya faɗo hannunka daga kayan kaka ko na mahaifi, kada ka yi masa wani (wato juya hannunsa don ɗaure sifirin) tukuna, kada kuma ka ɗora masa faifai don ka ji ko yana da rai. Giris ɗin da ke cikin injinsa ya yi shekara hamsin ko fiye yana daskarewa, robar kansa ta ƙandare, allurar da ke maƙale a bakinsa kuwa wa ya san sau nawa aka yi amfani da ita. Inji yana gyaruwa, sifirin da ya tsinke ana sayen wani, amma faifan da allura ta kankare ya tafi ke nan har abada. Duk gyaran da za mu bi a nan manufarsa ɗaya ce: garmahon ya yi sauti mai daɗi ba tare da ya ci fayafayan da aka bar maka ba.

Abu guda kafin a taɓa sukundireba. In kayan gado ne da ba a riga an raba ba, ka nemi yardar sauran magada kafin ka kwance shi ko ka kashe masa kuɗi. Wannan zai raba ka da ƙananan maganganu daga baya.

Ka fara sanin abin da ke gabanka

Wannan jagora ta shafi garmahon faifai ne, ba na'urar Edison ta farko mai amfani da silinda ba. Zan ɗauki misali da ƙaramin garmaho mai kama da akwatin tafiya na kamfanin HMV, domin yana cikin waɗanda suka yaɗu sosai a ƙasashen da Ingila ta mulka. A wancan zamanin kamfanin yana ƙera shi a garin Hayes kusa da Landan, da tambarinsa na kare yana sauraron ƙaho. Samfuri na 101 ya fito a 1925, sai na 102 ya maye gurbinsa a 1931, aka ci gaba da ƙera shi har ƙarshen shekarun 1950. Na Columbia da na Decca sun ɗan bambanta a wurin zaman sukurori, amma tsarin aikinsu ɗaya ne.

Sassansa ba su da yawa. Akwai hannun wani, da inji mai sifirin a ƙarƙashin katako, da farantin da faifai ke zama a kai, da kai mai riƙe allura, da wuyan da ke ɗauke da kan, da ƙahon da aka naɗe a cikin akwatin. Babu wuta, babu batir. Allura tana bin lanƙwasar layin faifai, tana girgiza wani siririn tantani a cikin kan, iskar da tantanin ya motsa ta bi wuya ta fita ta ƙaho. Duk ƙarfin sautin daga wannan 'yar girgiza yake fitowa, shi ya sa ko ƙaramar kafa da iska ke zurarewa ta cikinta tana rage shi sosai.

A nan ne kuma za ka gane ko na gaske ne. Akwai garmaho masu ƙaton ƙahon tagulla mai ƙyalli, da tambarin karen nan a gaba, waɗanda ake harhaɗawa a Indiya domin masu sayen kayan ado. Ana ɗauko injin tsohon ƙaramin garmaho a dasa shi a sabon akwati, a haɗa masa wuya mara kyau mai kaifin lanƙwasa. In irin wannan ne naka, ka ajiye shi a falo don ado, amma kada ka bari ya taɓa faifai mai daraja.

Ka ɗauki hotuna da waya ta kowace fuska kafin ka cire ko da sukuru ɗaya, kuma ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Ka tanadi tiren ƙwai ko ƙananan gwangwanaye, kowane rukunin sukurori da wurinsa. Sukurorin nan na tsohon ma'aunin Ingila ne, in ɗaya ya ɓace da wuya ka sami mai zarensa a kasuwa.

Kayan aikin duk na gida ne: sukundireba masu faɗin baki daban-daban da suka dace da kan sukurorin, filaya, kananzir, tsohon buroshin goge baki, tsumma mai laushi, man keken ɗinki, giris na mota, kakin zuma, safar hannu ta fata mai kauri, tabarau na kare ido, da buhu mai ƙwari.

Fitar da inji

Da farko ka saki birkin da ke tsayar da faranti, ka bar farantin ya juya har ya tsaya da kansa. In bai motsa ba, ka tura shi a hankali da yatsa ta inda hannun agogo ke bi, har ka tabbata babu sauran ƙarfi a cikin sifirin. Wannan mataki ba a tsallake shi. Sifirin da ke ɗaure yana iya sakin ƙarfinsa gaba ɗaya a lokacin da kake kwance wani abu, ya karya haƙoran giya ko ya yanke maka yatsa.

Ka juya hannun wani baya, zai kwance ya fita. Ka cire kan daga wuya ka ajiye shi can gefe, domin shi ne mafi rauni a duk kayan. A garmahon HMV akwai wani ɗan zoben ƙarfe a tsakiyar faranti da ke riƙe shi a jikin sanda. Ka zare shi, ka sa yatsu a ƙarƙashin farantin ta gefe biyu ka ɗaga. In ya kafe, ka ɗiga mai a gindin sandar ka bar shi ya kwana, gobe wani mutum ya ɗaga farantin kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa kan sandar da guntun katako. Ba a dukan ta da guduma. Sanda in ta lanƙwashe, faifai zai riƙa rawa har abada.

Sai ka kwance sukurorin da ke riƙe katakon inji, ka ɗaga shi ka kifa a kan tsumma. Abin da za ka gani shi ne wani gwangwani mai faɗi mai haƙora a gefensa, wanda sifirin ke ciki, da giya biyu ko uku, da kuma wata 'yar sanda mai ɗauke da dunƙulen ƙarfe uku. Wannan ta ƙarshen ita ce gwamna, mai daidaita gudu. Za ka tarar da komai ya yi baƙi ƙirin, ya kama ƙura da tsohon mai. Ka kwance sassan ɗaya bayan ɗaya, ka jiƙa su a kananzir, ka goge tsakanin haƙora da buroshi, ka bi ramukan da sanduna ke juyawa a ciki da tsinke har sai ya fito fes. Fetur yana wanke datti da sauri, amma haɗarin gobararsa bai cancanci saurin ba. In ka ga wata giya da ba ta ƙarfe ba ce, launinta ƙasa-ƙasa, an yi ta haka ne don rage ƙara. Ka goge ta kawai, kada ka bar ta ta kwana a kananzir.

Sifirin: inda haɗarin yake

Alamomin ciwon sifirin a bayyane suke. In kana cikin sauraro ka ji "dum" daga cikin akwati, wani lokaci har allura ta yi tsalle, to tsohon giris ne ya manne naɗin sifirin da juna, suna ɓallewa da ƙarfi maimakon su zame a hankali. In kana wani ba ka jin nauyi yana ƙaruwa komai daɗewa, sifirin ya tsinke ko ya kuɓuce daga maratayarsa. In kuwa ka saki hannun wani ya juyo baya da gudu, matsalar ba ta babban sifirin ba ce, ta wani ƙaramin sifirin ce da ke naɗe a jikin sandar wani, wanda aikinsa hana ta komawa baya.

Sifirin garmaho dogon fallen ƙarfe ne mai faɗin kusan inci ɗaya, tsawonsa ya kai mita uku ko fiye, an cusa shi a gwangwanin da bai wuce tafin hannu ba. Ko da ya saki gaba ɗaya, yana nan da ƙarfin da zai iya fasa fuska. Wanda bai saba da aikin ƙarfe ba, shawarata ya ɗauki gwangwanin ya kai wa tsohon mai gyaran agogon bango, ya zauna kusa da shi yana kallo. Ba abin kunya ba ne, kuma masu wannan sana'a sun san halin sifirin fiye da kowa.

In za ka yi da kanka, ga yadda ake yi. Ka buɗe murfin gwangwanin, wanda ko dai zoben waya ne ke riƙe da shi ko sukurori. Ka tsaya ka ɗauki hoto, ka kuma yi alama a jikin gwangwanin da ke nuna ɓangaren da sifirin ya naɗe, domin in ka mayar da shi a juye sai ka sake aikin daga farko. Ka juya sandar tsakiya baya kaɗan ta saki maratayarta, ka zare ta. Ka sa safar hannu da tabarau, ka fita tsakar gida inda babu yara. Ka sa gwangwanin da hannayenka duka a cikin buhu, ka kama bakin sifirin na tsakiya da filaya ka ɗago shi kaɗan, sannan ka riƙa sakin naɗi ɗaya bayan ɗaya, babban yatsanka na danne sauran. In ya kufce maka ya fita gaba ɗaya, buhun ne zai tare shi. A ƙarshe za ka iske bakinsa na waje yana rataye a wata ƙusa a jikin gwangwani, sai ka zame shi.

Ka miƙe shi a ƙasa, ka wanke da kananzir, ka kankare busasshen giris da guntun katako. Yanzu ka bi shi da ido daga farko har ƙarshe. Tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce. Tsaga kuwa, ko da ƙarama ce, tana nufin zai tsinke nan ba da daɗewa ba. In ya karye kusa da baki, ana iya gasa wurin da wuta har ya yi ja, a bar shi ya huce a hankali don ya yi laushi, a huda sabon rami. In a tsakiya ya karye, kada ka kai wa mai walda. Walda tana kashe ƙarfin ƙarfen kuma ba ta daɗewa. Sai dai sabo, kuma har yau ana samun sa a wurin masu sayar da kayan garmaho a Ingila da Amurka ta intanet. Ka auna faɗinsa da kaurinsa da tsawonsa, ka lura da siffar ramukan bakinsa biyu kafin ka yi oda.

Mayar da shi ya fi fitar da shi wahala. Ka rataya bakin waje a ƙusarsa, ka riƙa juya gwangwani da hannu ɗaya kana cusa sifirin da ɗayan, ba tare da ka sassauta ba ko sau ɗaya har ya shige duka. Ni na fi son a shafa giris kaɗan yayin cusawa, sauran a cika bayan ya zauna, domin sifirin mai santsi da yawa yana kufcewa daga hannu. Masana'antun da suna haɗa man basilin da garin giraf, wato baƙin abin da ke cikin fensir. Giris na mota mai laushi yana wadatarwa a yau. Kimanin cokali biyu ya isa. Ka mayar da sandar tsakiya, ka juya ta har ka ji ta kama, ka rufe.

Gwamna

Kowane dunƙule daga cikin ukun nan yana zaune a kan wani siririn sifirin mai kama da ganye. In inji ya ɗau gudu, dunƙulen suna buɗewa waje, su jawo wani faifan tagulla ya goga jikin wani ɗan guntun fata ko ulu, gudun ya tsaya a inda aka saita shi. Wannan guntun fata yakan bushe ya yi tauri, kuma shi ne sanadin yawancin rawar murya da ake ji a tsohon garmaho, inda mawaƙi zai riƙa hawa da sauka kamar mai jin sanyi. Ka goge faifan tagullar ya yi sumul, ka jiƙa fatar da man keke sosai, ka tabbata faifan yana zamewa gaba da baya a kan sandarsa ba tare da ya maƙale ba.

In ɗaya daga cikin siraran sifirin ya karye, ka sauya duka ukun tare. Sabo ɗaya a tsakanin tsofaffi biyu yana sa gwamna ta riƙa kaɗawa. Kafin ka kwance ta, ka yi alamar inda mazaunanta biyu suke, domin in ta matse da giya za ta yi gurnani, in ta yi nisa za ta yi kaf-kaf. Ana barin ta da ɗan wasa kaɗan tsakanin mazaunan, gwargwadon kaurin takarda.

Wajen haɗawa, ɗigon man keke ɗaya a kowane rami da sanda ke juyawa, giris kaɗan a manyan haƙora. Man gyaɗa da man ja ba su da wuri a nan, suna yin danƙo su kama ƙura. Man feshi na kwance tsatsa shi ma ba man inji ba ne, yana bushewa cikin 'yan makonni.

Kai da wuya

Mutane da yawa suna gyara inji su tsaya nan, alhali kan ne ke yanke hukuncin ko faifai zai rayu ko zai mutu. A yawancin kawuna, tantanin da ke ciki yana zaune ne tsakanin zobban roba mai laushi. In robar ta ƙandare, tantani ba ya iya motsi yadda ya kamata, sai allura ta daina bin layi ta koma noman sa. Alamar ita ce sauti mai tsatsa da ƙara a wurin da mawaƙi ya ɗaga murya, da baƙin gari ko toka-toka da ke taruwa a bakin allura bayan faifai ya ƙare. Wannan garin jikin faifanka ne.

Kan samfuri na 101, mai lamba 4, tantaninsa na maika ne, wani ma'adini mai haske da ake gani ta cikinsa. Ka kwance sukurorin baya, ka cire ɗan ƙaramin sukurun da ya haɗa sandar allura da tsakiyar tantani, ka fitar da shi da tattali. In ka ga ya yi fari-fari yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, ko ya tsage daga ramin tsakiya, a sauya shi. Ka yanka sabuwar robar, wadda siririn bututu ne fari, ta ɗan fi da'irar tsawo kaɗan don bakunanta su matse da juna. Tantanin kada ya taɓa ƙarfen gefe ta ko'ina. Sandar allura kuma ta sauka a tsakiyarsa daidai, tana taɓa shi kawai, ba ta tura shi ciki ba ta ja shi waje. Bayan ka ɗaura sukurun, ka narka ɗan kakin zuma a kansa ya toshe kafar. Gwajin mai sauƙi ne: ka sa baki a bayan kan ka hura a hankali. In iska na wucewa, akwai sauran aiki.

Kan samfuri na 102, mai lamba 5A ko 5B, tantaninsa na siririn alminiyum ne, kuma yatsa kaɗai yana iya lotsa shi. In yana sauti lafiya, ka bar cikinsa yadda yake, ka sauya robar bayan da ke haɗa shi da wuya kawai. Akwai kuma wata matsala da ta shafi yawancin kawunan nan: an zuba bayansu da wani haɗin ƙarfe mai tutiya wanda yake kumbura yana tsattsagewa da tsufa. In ka ga 'yan tsage-tsage a jikinsa, ko sukuru ya ƙi motsi, kada ka matsa masa. Zai iya ruɓushewa a hannunka. Ɗigon mai da haƙurin kwana biyu sun fi ƙarfi amfani, in kuma ya ƙi, a nemi wani kan.

Wuya ya kamata ya yi lilo dama da hagu, sama da ƙasa, ba tare da wata turjiya ba. Kan garmaho ya fi giram ɗari nauyi, kuma layin faifai ne kaɗai ke jan sa daga baki zuwa tsakiya, don haka duk taurin da ke cikin wuya faifai ne ke biyan kuɗinsa. Ka kwance gaɓoɓin, ka wanke, ka shafa giris mai ɗan kauri wanda zai sa su yi santsi kuma ya toshe iska. Ka leƙa cikin ƙaho ma. Ana yawan samun tsofaffin allurai da gidan zanzaro da tsummokaran da wani ya cusa don rage ƙara.

Akwatin

A nan ina roƙon a yi hattara da son ƙyalli. Garmahon da ya shekara tamanin ba sabo ba ne, kuma bai kamata a tilasta masa ya zama sabo ba. Duk wanda ya kai shi wurin kafinta aka goge shi da samfefa aka watsa masa banish ya rage masa daraja, ya kuma share sawun hannun mutanen da suka riƙe shi. Ƙananan na HMV an lulluɓe su da wani yadi mai kama da fata. Ka goge shi da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, inda ya ɗago ka manne shi da gam ɗin kafinta ka danne ya kwana, sannan ka bi baƙin da man takalmi. Na katako kuwa kakin goge katako ya ishe shi. Tambarin da ke cikin murfi kada ka sa masa komai, busasshen tsumma kawai. Ƙarafan da suka dushe a goge su da mai da tsumma. In ruwan zinariya ne a kansu, ko gogawa mai ƙarfi kada a yi, domin siriri ne ƙwarai.

Ka duba ƙasan akwatin da kusurwoyinsa. Ƙananan ramuka masu zubar da sabon gari suna nufin ƙwaro na ciki yana ci, sai a ɗura maganin ƙwarin katako a kowane rami da sirinji. Mariƙin akwatin na fata kuma kada ka yarda da shi har sai ka gwada; da yawa sun tsinke garmaho ya faɗi ƙasa. Ka riƙa ɗaukar sa ta ƙasa da hannu biyu.

Saita gudu

Yawancin fayafayan suna juyawa sau 78 a minti ɗaya. Kada ka dogara da lambar da ke jikin ma'aunin gudu, domin ta daɗe da gocewa. Ka maƙala guntun farar takarda a ƙarƙashin gefen faifai, ka sa faifan da ba ka damu da shi ba yana waƙa, ka ƙirga sau nawa takardar ta wuce cikin daƙiƙa 30. Ya kamata ka samu 39. Ana yin ƙirgar allura na kan faifai ne saboda nauyinta yana rage gudu kaɗan. Akwai manhajojin waya da ke auna wannan, akwai kuma takarda mai layuka 77 da ake dubawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai dai ita tana bukatar wuta mai tsayayyen bugu 50 a daƙiƙa, abin da ƙaramin janareta ba ya bayarwa. Wasu tsofaffin fayafayan Columbia an yi su a kan 80, kuma sukan rubuta haka a jikin takardar tsakiya.

Allura da faifai

Allura ɗaya, fuskar faifai ɗaya, sai a jefar. Wannan ba dabarar 'yan kasuwa ba ce. An haɗa faifan da ƙaron shalak, wanda wani ƙwaro ke samarwa a Indiya da maƙwabtanta, da garin dutse mai laushi. An sa garin dutsen ne da gangan don ya ci allura maimakon allura ta ci faifai. Cikin minti ukun da faifai mai inci 10 ke ɗauka, bakin allurar ya riga ya gogu ya yi kaifi ta gefe biyu. In ka sake amfani da ita, musamman in ka juya ta, ta zama kurfi. Kada a wasa ta a dutse, kada a sa allurar ɗinki ko ƙusa a madadinta. Har yanzu ana ƙera sababbi, ana sayar da su ɗari-ɗari a ƙunshi, masu kauri don ƙara mai ƙarfi, sirara don sauti mai taushi. Siraran sun fi sauƙi a kan faifai, kuma a cikin ɗaki sun wadatar. Tsofaffin da ka tarar a warwatse cikin akwati ka ɗauka duk an yi amfani da su.

Ba kowane faifai ne na wannan na'ura ba. Na roba masu gudun 33 da 45, waɗanda suka zo daga baya, allurar ƙarfe za ta halaka su a juyi ɗaya. Na Pathé da masu kaurin nan na Edison an yanka layinsu sama da ƙasa ne maimakon gefe da gefe, suna bukatar nasu kan dabam. In kuma ka ci karo da faifai mai ƙarfe a ciki da baƙin shafe a sama, sau da yawa da rubutun hannu a takardarsa, to irin wanda ake yankawa kai tsaye ne a gidan rediyo ko situdiyo, kuma mai yiwuwa shi kaɗai ne a duniya. Kada allurar ƙarfe ta kusance shi. A nemi masu adana sauti su kwafe shi da na'urar zamani.

Haka nan ka duba lambobin da ke jikin fayafayanka da kyau. Jerin GV na HMV, wanda aka fara a 1933, kiɗan Kuba da maƙwabtanta ne da aka yi wa kasuwar Afirka, kuma an buga shi da yawa. Jerin JZ na HMV da WA na Decca kuwa na mawaƙan Afirka ta Yamma ne, kuma kaɗan ne suka tsira daga zafi da faɗuwa. In kana da irin waɗannan, musamman in da waƙar Hausa a ciki, ka sa a kwafe su tukuna, sannan ka rage yawan ɗora su a garmaho.

Wankin faifai da ruwa ne mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwano, da buroshi mai laushi ana bin layi a zagaye. A kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye, a tsane da tsumma, a jingine a inuwa ya bushe sarai kafin a sa. Kada a jiƙa shi ya daɗe a ruwa, domin wasu suna da takarda a tsakiyarsu. Sifirit da duk wani abu mai barasa, har da turare da man tsabtace hannu, suna narkar da shalak nan take.

Kulawar yau da kullum

Ka yi wani a hankali, da zarar ka ji hannun ya yi nauyi ka tsaya, kada ka kai shi maƙura. Ka saki birki faranti ya ɗau gudu kafin ka sauke allura a bakin faifai, da hannu, a hankali. Idan an gama sauraro, ka bar injin ya juya har ya kusa tsayawa, domin sifirin da aka bari a ɗaure wata da watanni yana gajiya. Ko ba za a saurari komai ba, a yi masa wani sau ɗaya a wata don giris ya zagaya. Sau ɗaya a shekara a ɗaga katako a ɗiga mai a ramuka da fatar gwamna.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗin. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, in ta haɗu da mai sai ta zama abin da ke cin ƙarfe, don haka murfi a rufe, a kuma lulluɓe da zane. Da damina a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango saboda danshi da gara. Fayafayai a jera su a tsaye, kowanne cikin rigarsa ta takarda, a matse da juna yadda ba za su jingina ba, masu inci 10 dabam masu inci 12 dabam. Zafin bazara a ɗakin kwano ko a cikin mota yana lanƙwasa su cikin yini guda, saboda haka a nema musu ɗaki mafi sanyi a gidan. Duk wani tsohon sashe da ka cire, ko karyayyen sifirin ne ko tsagaggen tantani, ka ƙulle shi a leda tare da takardar da ta faɗi ranar da aka sauya shi da abin da aka sa a madadinsa, ka ajiye tare da garmahon domin wanda zai sake buɗe shi bayanka.